Kaset ɗin da Inna Ta Wanke

Washegarin Sallar Layya, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, Kawu Ladan direba ya sauka Jabo daga Ikko da rakoda rataye a kafaɗa. Duk yaran unguwa muka watsar da langa, muka bi shi zuwa gidanmu, babu wanda ya tuna da awakin da aka ce mu kai kiwo. Kawu kuwa sarkin tsokana ne. Ya ajiye rakodar a gindin rumbu, ya danna jan maɓalli, ya fita abinsa ba tare da ya gaya wa mata komai ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. “Kai yaro” ne, ko “wancan”. In na yi rashin lafiya ma kakata ke ɗaukata, ita sai dai ta leƙo daga nesa. Na san kunya ce, amma wallahi abin yana cina a rai.

Bayan La’asar Kawu ya tara gida ya kunna. Sai ga dakan gero, ga kukan zakara, ga tarin kakata, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Can sai muryar Inna ƙasa-ƙasa, tana ce wa ƙanwarta, “Aje ma Sahabi ƙanzon ga, shina son shi.” Sahabi! Ashe haka sunana yake a bakinta. Gida ya ɗauki shewa, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa ɗaki. Kawu ya bi ta da tsiya, “Ai rakoda ta riga ta rubuta, Yaya!”

Kalmar nan ce ta jawo. A wurin Inna, abin da aka rubuta wanke shi ake yi, kamar allo. Da safe na tarar ta zare zaren kaset ɗin kaf, ta cuɗe shi da toka a ƙwarya, ta shanya a danga. Na yi kuka, aka zaci kaset nake wa kuka.

Yau ɗana ya sa mini memori a waya, bai kai farce ba, wai zai ɗauke karatun Alƙur’ani duka da hotunan jikoki, kuma ko ya faɗa ruwa ba ya mantuwa. Ya ce in faɗi abin da nake so a zuba mini. Abin da nake so kuwa ba ya samuwa, don Inna ta daɗe a ƙasa, Allah Ya jiƙanta. Sau ɗaya na ji sunana a bakinta, kuma har yau ina marmari.