Yashin da Aka Hana Shiga Zauren Wasanni

Yayana shi ne sarkin 'yan kokawa na Toranke tun kafin in fara yawon ƙasashe, kuma da na dawo gida da furfura na tarar da shi a kan sarautarsa. Duk shekara in an gama ɗaure damman gero, shi ke sa ranar kokawa, shi ke aika wa Kademi da Balan goron gayyata, shi ke ɗaga hannun wanda ya yi kaye.

Shekarar da wata jami'a ta gama gina babban zauren wasanni da kaɗe-kaɗe a bakin hanyar Gaya, ma'aikatanta suka zo har ƙofar gidansa. Suka ce suna so a buɗe zauren da kokawar gargajiya, don mutanen karkara su san wurin nasu ne. Ina zaune a gefen tabarma. Na tambaye su da Hausa, na maimaita da Turanci, ko sun san abin da kokawa take bukata. Suka ce an shirya komai.

Yaya ya amince, ya ɗage kokawar kaka daga filin bayan gari zuwa zauren, ranar buɗewar. Dattawan Balan ba su so ba. Suka tuna masa cewa samari na shirin tafiya cin rani, in ranar ta kuɓuce shekarar ta tafi ke nan. Ya ce su bar masa, in ba a yi kokawa ba shi za a tambaya.

Ana gobe biki, 'yan kokawa suka sauka bakin rafi suka ɗebi yashi, suka tankaɗe shi suka fitar da tsakuwa, suka cika a-kori-kura. Ba wanda ya ce su yi. A wajensu wanda ya gayyaci kokawa ya gayyaci yashi, don a kansa ake faɗuwa a tashi lafiya.

Washegari da hantsi muka isa, masu gadi suka tsayar da motar yashin. Na shiga neman mai kula da zauren, sai na ga daɓen: katako ne mai sheƙi, an ja masa layukan ƙwallon kwando. Mai kula da wurin, wani matashi da kwat, ya fito ya durƙusa ya gaida Yaya, sannan ya ce, "Baba, ai yashi zai kankare katakon."

Gaskiyarsa ce, kuma ba ita ta ɓata mini rai ba. Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne, a cikin duk masu digirin da suka tsara bikin nan, ba wanda ya taka zuwa filin kokawa ko sau ɗaya ya ga yadda ake yi. Na kalli kokawa a Yamai, na kalla a Dakar, na kalla a bayan garin Khartum. Ko'ina yashi ne a tsakiya, manya na zaune a gefe suna shan ƙura ba su raina ba. Mu a nan an gina wuri an kira shi namu, amma an auna shi da wasan wasu.

Na ce a shimfiɗa tamfol a zuba yashin a kai. Ya ce lokaci ya ƙure, manyan baƙi suna hanya, kayan mawaƙa kuma sun cinye rabin wurin. Na ce to a ba mu filin ajiye motoci. Ya ce an keɓe wa baƙi. Abin da zai iya, in ji shi, shi ne mutum biyu su hau katifar motsa jiki su nuna yadda ake kamawa, ba kaye, ba layu a damtse, kiɗan kuma a sa a lasifika.

Yaya ya dube shi ya ce, "Ɗana, rawa kuke so. Da kun faɗa da na kawo muku masu rawa."

Mutanen Kademi da na Balan suka ɗauki gangunansu suka juya, ko sallama ba su yi wa Yaya ba. Samari biyu na Toranke kuwa suka karɓi tayin. Muna tsaye a bakin ƙofa muka ga sun riƙe juna suna zagayawa a kan katifa, ɗalibai na tafi, baƙi na ɗaukar hoto da waya. Direban a-kori-kura ya juye yashin a jikin katanga, don yana da lodin gawayi a Ajingi.

Kafin a sake sa wata rana samari sun watse zuwa birane. Ba a yi kokawa ba a shekarar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya tara dattawa ya ce su nemi wani sarkin. Na ja shi gefe na ce laifin ba nasa ba ne, in yana so ni da kaina zan je jami'ar in faɗa musu abin da suka yi, da duk harshen da suka fi ji. Ya ce in zauna. "Mutanen Balan ba su san jami'a ba," in ji shi. "Ni suka sani, ni kuma na kai su."