Hannun Baba a Jikin Sabar Asibiti

Yau da safe rumbun bayanan asibitinmu na Goronyo ya sake lalacewa. Na buɗe sunan wata mai ciki daga Rimawa, sai ga awon jinin wani tsoho a ƙarƙashinsa. Ban ankara ba na ɗora bayan hannuna a jikin sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da komai. Sai na tuna Baba, dattijon da ya kafa mana ita, wanda ya rasu bara.

Haka yake yi. Ba ya taɓa komai sai ya ji ɗumin ƙarfen, ya shinshina iskar fankarta, goro a kumatu. Yakan ce, "In akuya ta kwanta, tambayi mi tac ci."

Wancan karon da rumbun ya fara lalacewa, kwana uku muna zargin faifan ajiya. Shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa yana kallo. Ana kiran Azahar, mai gadi ya kashe janareta don ya huta har a idar da salla. Sabar ta ɗauke tana tsakiyar rubutu, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Abin da ke ɓata bayanan ke nan. Baba ya nuna mana janaretan da haɓa kawai.

Yau na duba wuta, na duba faifai, na duba zafi. Ban gano komai ba. Kwafin da muka ajiye ma da ciwon muka kwafe shi. Matar tana kan benci tana tambaya, "Malam, an ga sunan nawa?"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya miƙa masa littafinsa a hannun dama, cikakke. Namu dai ya watse a hannunmu.