"Da Sauƙi" Irin Ta Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, dillalin shanu, har yau kuma ban gane abin da ya same shi ba.

Duk Sandamu an san shi da raha. Ko damina ta yi gardama sai ya ce gero ne ke hutawa. Wata rana motar shanun da suka hau ta kife a hanyar Kongolam. Shi da abokinsa Malam Iro suka wuni a danne, gawar direba a tsakaninsu, kafin a ciro su.

Malam Iro mutum ne mai mita. Kowa ya je dubiya sai ya zaunar da shi, ya ba shi labarin tun daga farko, har da kuka. Muka ce wannan ba zai ƙara moruwa ba. Yaya kuwa in ka ce, "Ya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi, saniya ce ta ga dama ta hau ni, yau ita ma ta ɗana." Mu yi dariya, mu tashi.

Amma bai sake shiga mota ba. In shanu suka wuce ƙofar gida da kuka, sai in ga zufa ta jiƙa masa riga, bakinsa na murmushi. Shekara huɗu a haka, hawan jini ya tafi da shi. Malam Iro yana nan, duk mako yana cin kasuwa, yana mitarsa.

'Yata mai aikin jinya ta ce ciwon firgici ne, wai masu kyakkyawan zato sun fi saurin warkewa. Na ce to wa ya fi Yaya kyakkyawan zato? Ko halinsa ne ya riƙe shi shekara huɗun, ko shi ne ya ɓoye mana ciwonsa? Ban sani ba. Da yana nan, na san mayar da tambayar zai yi wasa.

Allah ya jiƙansa. Dariyarsa dai ba ta mutu ba, tana bakin babban ɗansa Nura, wanda 'yan fashi suka tare watan jiya a hanyar Baure. Shekaranjiya na je dubiya.

Ya ce, "Da sauƙi, Gwaggo, su ma sun ga ba ni da ƙiba."

Matarsa ta yi dariya. Ni har na jawo takalmina, sai na mayar, na gyara zama. Na ce, "Nura, ban ji ba. Ya jiki?"