Ranar da na dirje tagullar Malama

Shekarun baya, muna zaune Goronyo kusa da madatsar ruwa, wata malamar kimiyya 'yar Filato ta kama ɗaki a gidanmu. Kirista ce. Inna take kirana, ni kuma in ce mata ɗiyata.

Tana koyarwa, tana kuma karatun digiri na biyu a Sakkwato. Aikinta, yadda ta bayyana mini daga baya, shi ne a ɗauki iskar nan marar kyau da ke cikin hayaƙi, irin na injin ban ruwa, a sa mata lantarki ta koma abin amfani. Mai yin aikin wani ɗan fallen tagulla ne da ta shafa ma baƙin sinadari ta tsoma cikin kwalba. Matsalar, irinsa ba ya jimawa yake lalacewa. Nata kuwa ya yi kwana hamsin yana aiki, saura goma ta kai ma malaminta sakamako.

Ni ko Allah Ya yi ni da ƙin dauɗa. Wata Lahadi ta fiddo shi ta aza bisa faranti ya bushe kafin ta auna, ta tafi coci. Na shiga mayar mata da kwano, na gan shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce kai, 'yan boko da ƙazanta! Na samo toka da yashi na dirje shi sai da ya yi jajir yana sheƙi. Har ina jiran godiya fa.

Da ta dawo ta leƙo tsakar gida, abin a tafin hannunta.

"Inna, mi ya samu wanga abu?"

"Wanke maki na yi, ɗiyata."

Ta zauna ƙasa daɓas. Na ga hawaye a idonta. Can ta share ido ta ce, "Kai Inna, kin iya wanki! Laifina ne, ban taɓa nuna maki ba." Ranar ta zaunar da ni ta nuna mini komi, washegari ta shafa sabon falle ta koma ƙirga daga kwana ɗaya.

Wallahi ban taɓa ganin haƙuri irin nata ba, kuma har yau kunya nake ji. Ni a zatona kwana hamsin na ci mata. Sai bayan ta bar garin wata abokiyar aikinta ta gaya mini lokacin miƙa aikin ya wuce ta, sai da ta ƙara shekara guda cur. Duk tsawon shekarar nan kwano ɗaya muke cin tuwo, ba ta taɓa faɗa mini ba.