Allon Madam Ngozi da Gwajin Tsallaken Titi

Me maigidana Malam Sabo ya gani a wurina, da ya ɗauki macen da ba ta san bihim ba ya sa ta aikin rubutun allo? Shekara uku ke nan da rasuwarsa, ban samu amsa ba. Jikata ce ke rubuta muku wannan, ku yaran shago, don in na tsaya gabanku kuka zai hana ni magana.

A shagonmu na Fagge, rubutun ɗige-ɗige muke yi. Malam ya zana harafi da alli, ni in bi layin ina kafa maɓallai masu ƙyalli, ɗigo bayan ɗigo, tazarar yatsa biyu. A kusa ɗigo kawai za ka gani, sai ka ja baya rubutu ya fito. Shi ya sa ba ma miƙa allo sai an jingina shi a tsallaken titi, baƙi bakwai sun karanta.

Wata Laraba cikin Sha'aban ba ta barin raina. Malam na kwance, ya gama zanen allon Madam Ngozi mai kemis a Sabon Gari, ciwo ya kayar da shi. Madam ta zo da wata takarda da aka bugo mata a kwamfuta, ɗigo ƙanana cunkushe kamar gero.

"Mama, haka nake so. In ba za ki iya ba, in kai wa masu inji."

Na san in ta tafi, sauran masu shaguna na layinta za su bi ta, mu rufe.

Na ce, "Madam, wannan na mai riƙe da takarda a hannu ne. Naki na mai wucewa a Keke mai ƙafa uku ne, yaro na zazzaɓi a cinyarsa."

Ta yi dariya. "Ke da ba ki karatu?"

"Ba na karatu, amma ina ganin tazara. Ba ni kwana biyu."

Na kafa manyan maɓallai yadda muka saba. Ranar Juma'a da hantsi muka jingina allon da takardarta a tsallaken titi. Na tare mai lemo, na tare masinjan banki, na tare wata malamar makaranta, har bakwai. Duk suka karanta allon ba gargada. Takardar kuwa, mai lemo ya ce, "Hajiya, wannan ai ƙudaje ne suka sauka."

Madam ta ce a ɗaga allon a kafa.

Abin da nake so ku riƙe ke nan: idon mai wucewa ake yi wa allo, kuma shi ne alƙali.

Da la'asar na koma gida na ba Malam labari. Ya tambaya ko bakwai ɗin sun cika, na ce sun cika. Bai kai magariba ba. Kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce:

"To, gobe ki buɗe shago da wuri, Hajara. Kar ki jira ni."