Mzee Kindamba da Karnukan da Suka Tsare Mana Rogo

Da an sallame sallar asuba a masallacinmu na Mpondamo, kafin jama'a su fara miƙa wa juna hannu, akwai dattijon da ya riga ya fice. Mzee Kindamba ke nan, Mzee kuwa haka muke kiran dattijo a nan. A sahun ƙarshe yake tsayawa, dab da ƙofa, don kada wani ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Daga nan sai ya bi ta bayan gari zuwa gidansa, gida na ƙarshe kafin gonakin kashu. Ya cuɗa tuwon rogo da romon kan kifi, ya raba wa karnukansa, ya tsaya a kansu har su gama. Sai sun ci shi yake karyawa. Sannan ya ɗauki mashi, da gorar ruwa, da ƙullin ƙasa mai tsabta, ya zagaya gefen gonakinmu yana duba sawun da aka bari. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan zagaye. Watan jiya ya daina, gwiwarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa.

Duk wanda ya taɓa zuwa gona da safe ya tarar aladen daji sun riga shi, ya san abin da nake nufi. Ba ci kawai suke yi ba, tonewa suke yi. Rogon da ka yi wata takwas kana jira, sai ka same shi a warwatse kamar an yi faɗa a kansa. A nan kuwa rogo shi ne abinci daga shekara zuwa shekara. Idan ya tafi, babu wani abu a bayansa.

Ban yi makaranta mai nisa ba. Tela ne ni, abin da na sani a bakin keke na koya, da tsofaffin littattafai, da tambayar malamai. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana cina. Malamanmu sun karantar da mu cewa yawun kare da jikin alade najasa ce mai nauyi, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Su ɗin dai sun ce ya halatta a ajiye kare don tsaron gona da farauta. Ke nan Kindamba bai saɓa wa kowa ba. Ba wanda ya kai shi wanki a garin nan, ƙullin ƙasar nan ma don haka yake ɗauke da shi. Bai taɓa ɗanɗana naman abin da ya kashe ba. Idan Kiristocin kan tudu sun sauko sun ɗauka, to. Idan ba su zo ba, ya haƙa rami ya binne. Duk da haka a rumfar gahawa kofinsa daban ne, wani mai tsagaggen baki da ake kifewa a ƙarƙashin benci. Ranar biki kowa na cin shinkafa mutum biyar a tire ɗaya, shi kuwa a kai masa tasa a faranti gindin mangwaro. Wane littafi ne ya ce mu yi haka? Na nema, ban samu ba.

Shi bai taɓa nuna ya damu ba. Chande mai gahawa yakan tare shi da tsiya: "Mzee, yau surukanka nawa ka binne?"

"Biyu, Chande. Ɗayan irin tumbinka gare shi, sai da na juya shi na tabbatar ba kai ba ne."

A yi ta dariya, Chande ya sunkuya ya jawo kofin nan daga ƙarƙashin benci. Ni ma da ni ake dariyar.

Ku tambayi Bi Mwanahawa, wato Uwargida Mwanahawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya a bakin kurmi. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, wani ƙaton alade ya maida gonarta wurin kiwonsa. Kwana uku Kindamba yana bin sawunsa cikin sarƙaƙiya. A rana ta uku ya fito da fiƙar aladen ta tsaga masa gwiwa, gwiwar nan da yau ta zaunar da shi. Ta ce da ta kai masa kunu, a bakin ƙofa ta ajiye ta ja da baya, shi kuma ya yi mata godiya kamar ta ba shi sa. "Har yau idan na tuna ajiyar da na yi wa kwanon nan," in ji ta, "sai in ji kunya ta rufe ni."

Kai ne katangar da ba mu gina ba, Mzee. Kai ne ka san iyakar gonar kowa fiye da mai ita, ba ka taɓa cire saiwa ɗaya ba.

Ni kuwa abin da ke tsakanina da shi ya fi na Bi Mwanahawa nauyi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Shekara bakwai da suka wuce aladu suka cinye min gona sau biyu a damina ɗaya. Haushi ya kai ni gidansa, na ce ina so in koyi farauta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kira sunana.

"Kai, Likwata? Mai farar riga? To, ka zo da allurarka?"

Na ce mashi na zo koya, ba ɗinki ba.

"Mashi kowa na iya riƙewa. Wanda zai ɗinke min kare idan alade ya farke shi, shi na rasa. Yatsuna sun yi kauri."

Na ɗauka a ranar za mu shiga kurmi. Sai da na yi kwana arba'in ban ga ko wutsiyar alade ba. Ya ce mai fara wannan aiki da kare yake farawa, ba da alade ba. Kullum ni ke ba su abinci, don su san muryata. Ni kuwa da dogon ludayi nake zuba musu, ina ja da baya. Yana gani, ya ƙyale ni. Ya koya min cewa ba a ɗaukar sabon kare a kai shi gaban alade, sai ya yi damina guda yana bin bayan tsohuwar karya. Ya nuna min bambancin mai haushi da mai kamu. Mai haushi shi ke gano aladen, ya yi ta zagaya shi yana hana shi gudu, ba ya matsawa kusa. Mai kamu sai mafarauci ya iso ake sakinsa, ya riƙe kunne. Ya koya min in jefa toka sama in ga inda iska ta nufa, in tsaya kusa da bishiya koyaushe, kada in tsaya a kan hanyar da aladen ya saba bi. Ya ce ba a jifa da mashi. Ka jefa, ka zama mai hannu banza a gaban abin da ya fi ka ƙarfi.

"Idan ka ji haushin Pilipili ya canja, ya koma gajere-gajere, to ta tsayar da shi. Daga nan kada ka yi tunani, Likwata. Na san ka da tunani. Ka bar shi a gida tare da keke."

Pilipili ita ce jar karyar da ke gaba. Mai kamun kuwa wani baƙin kare ne, Kaniki, wanda ba ya barin gefen Mzee.

Fitata ta farko ranar Juma'a ce da hantsi. Ban so ba, amma sawun sabo ne. Ba mu yi nisa ba muka ji haushin Pilipili ya gajarce. Muka kutsa. Aladen ya ba wani kututture baya yana huci. Mzee ya saki Kaniki, karen ya kama kunne, aladen ya girgiza kai sau ɗaya, sai na ga Kaniki a ƙasa, cinyarsa a buɗe, jini na tsartuwa. Mzee ya riga ya soka mashin, ya danne da duk ƙarfinsa, ba halin ya saki.

"Likwata! Danne masa! Sa hannu ka danne wurin!"

Karen yana gabana, taku biyu. Allura da zare suna aljihuna. Bakinsa duk kumfa, yana lasar ciwon. Abin da ya zo min a rai shi ne, yau Juma'a, ga yawu, ga jini, yaushe zan gama wanki bakwai in samu sahun gaba? Na tsaya neman ganye, neman tsumma, neman wani abin da zai shiga tsakanin hannuna da jikinsa. Ban san tsawon lokacin ba. Ba shi da yawa. Kafin aladen ya daina motsi Mzee ya saki mashin ya iso, Kaniki ya daina lasar.

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya haƙa rami da kansa, ya sa karen, ya rufe. Sannan ya kwance ƙullin ƙasarsa, ya wanke hannu sau bakwai a gabana, yana ƙirgawa a fili. Da ya gama ya miƙo min gorar.

"Ka ga tsawonsa ke nan. Ko gahawa ba ta huce ba. Ungo, ko da yake kai ba abin da za ka wanke."

Na samu sahun gaba a ranar, rigata fes. Ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Ban ƙara komawa gidan Mzee ba, na ce wa mutane bayana ne ke ciwo. Shekara bakwai bai faɗa wa kowa gaskiyar ba, kuma gonata tana cikin zagayensa kullum kamar ta kowa.

Na yi ta juya abin a raina. Tsarki nake kiyayewa, kuma tsarki abu ne mai kyau. To me ya sa tun ranar nake jin kamar akwai abin da ya manne a hannun da ban sa ba?

Watan jiya aka taru a gindin mangwaro, shugaban ƙauye ya sanar cewa Mzee ya ajiye mashi, ya tambayi wa zai karɓi karnukan. Uku suka rage: Pilipili da ta tsufa, da Mashaka, da Upepo. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya ce a zuba wa aladun guba. Mzee ya ce an taɓa gwadawa kafin a haifi mai maganar, awaki suka mutu, aladu suka ƙaru. Chande ya ce a miƙa karnukan ga mutanen kan tudu.

"Su tsare musu nasu rogon ke nan," in ji Mzee. "Kai kuma ka koyi haushi, Chande. Muryar kana da ita."

Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba. Saura wata biyu rogo ya ƙosa, kuma an riga an ga sawu a bakin gonar Bi Mwanahawa. Aka watse ba a tsayar da komai ba.

Matata ta gane zan karɓi karnukan tun kafin in buɗe baki. Ta ce, "Ka sani dai ba mai ƙara kawo maka farin yadi ɗinkin Sallah." Na ce na sani. Ta ce, "Kuma a ƙarƙashin benci za a riƙa kife kofinka." Na ce na sani. Sai ta tashi ta ɗauko tsohuwar tukunya ta ce wannan ta karnuka ce, kada in taɓa mata sauran.

Jiya na je gidan Mzee. Na same shi zaune a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, karnukan na kwance kewaye da shi.

"Bayan naka ya warke?" ya ce.

"Ya warke, Mzee."

"Ya daɗe. Ka zo da allurar?"

Na ciro na nuna masa. Na durƙusa, Upepo ta taso tana shinshina ni, ta kai harshe ta lashi tafin hannuna. Jikina ya so ya janye, ba zan ɓoye ba. Na bar hannun a wurin. Mzee ya kau da kai yana duban gonakin kashu, ya daɗe bai juyo ba.

Ba zan zama kamarsa ba. Shekarata hamsin da biyu, numfashina gajere ne, Pilipili kuma da wuya ta ƙara damina biyu. Watakila mu tsare rabin rogon, watakila ba mu kai ba. Shi ya sa nake kira ga masu sauran ƙarfi a Mpondamo da ƙauyukan kewaye: ku zo tun Mzee yana iya magana, tun tsohuwar karyar tana iya koya wa ƙanana. Wanda ba zai iya riƙe mashi ba, akwai abin da zai iya. Idan an sallame sallah, ya juya ya riga dattijon nan zuwa bakin ƙofa, ya miƙa masa hannu.

Mzee Kindamba, kai ne ka ɗauki abin da muke ƙyama don mu ci abin da muke so, muka ci muka ƙoshi muka ware maka faranti. Mun gode. Allah ya ba gwiwarka sauƙi, ya yafe mana abin da muka yi maka, ya yafe min Kaniki.

Yau da safe, bayan na ba karnukan abinci na yi wankina bakwai, na riƙo Mzee muka taka a hankali zuwa rumfar gahawa. Chande ya dube mu, ya sunkuya ya jawo kofin nan mai tsagaggen baki, sai ya tsaya, don guda ɗaya ne mu kuma mu biyu ne. Na ce ya zuba, ya ishe mu. Mzee ya sha rabi ya miƙo min, na shanye sauran.