Ganye na Huɗu na Malam Ɗayyabu

Malam Ɗayyabu na Koki ya shekara arba'in yana tatsar mai daga ganye da tururin tukunya, yana sayar wa masu makero. Mutum ne mai riƙo, ko gaisuwa ba ya yin ta duka, sai ya rage ta gobe. Gado ne. Babansa ma bai faɗa masa ganye na huɗu na haɗin ba sai da ya ga ba zai tashi ba.

Ranar da Khadijat, 'yar ƙanwarsa Hasana, ta ce a kan mansa za ta yi binciken gama jami'a, har babbar riga ya sa ya karɓe ta a soro.

"Kawu, lissafo min ganyen, ni zan tatsa a ɗakin gwaji."

"Ɗoɗɗoya, tazargade, na'a-na'a."

"Shi ke nan?"

"Sai bisimilla."

Bayan sati uku ta dawo tana sunkuyar da kai.

"Kawu, na ɗiga wa ƙwayoyin cutar, ko gezau. Kamar ma ƙiba suka yi."

"To, ai ƙwayoyin boko ne, ba su san na gaba ba."

"Ko akwai abin da ka manta? Zan iya sake gwaji kafin Alhamis, ranar da zan miƙa binciken."

Sunan ganyen ya zo masa har bakin leɓe. Sai ya dubi biron da ke hannunta. Abin da ya hau takarda ai ya zama na duniya.

"Ban manta komai ba, 'yar nan."

Ta rubuta abin da ta gani, ta ci jarrabawa. Hasana kuwa, don murna, babu gidan bikin da ba ta ba da labari ba, daga Koki har Yakasai: 'yarta ce ta gano man Yaya ƙamshi ne kawai. Masu makero suka koma kemis. Har waɗanda man ya warkar suka fara cewa dama ciwon ne ya gaji.

Da kwalabe suka yi ƙura, ya kira babban ɗansa Jibrin, mai gyaran waya, ya rufe ƙofar soro, ya ce yau zai ba shi sirrin gidansu.

Jibrin ya duba agogo.

"Baba, ana jirana a shago. Ka turo min ta waya, in na samu sarari zan saurara."